Jikin da Sauƙi

Safa, Jidda
3 ga Yuni

Gwaggo Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba, ina gaida mutanen Damagaram duka, waɗanda na sani a hoto da waɗanda ban sani ba. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin Jidda da ya fara, irin wanda mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ya goge jikinsa ko bai goge ba.

Ga shi na rubuta a takarda da hannuna na ɗauki hoto na turo, kamar yadda kika ce, tunda Baba ba ya ji a waya, ke kuma kin ce Hausata a baki tana sa miki ciwon kai. Kwana biyu na yi ina gyara ta. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, a Jidda aka haife ni, ba ni na zaɓa ba.

Maganar ɗaya ce. Kafilina, mai kamfanin da nake wa aiki a tashar jiragen ruwa, ya sa hannu a takardar hutuna: mako uku, daga ashirin ga wata. Sau ɗaya ne a shekara, in ya wuce halas, shi ke nan, sai baɗi. Abokina Fawaz, malamin makaranta ne, ya daɗe yana shirya mana tafiya a keke daga Madina zuwa Ula. Za mu bi tsohon layin dogo na zamanin Turkawa, mu riƙa kwana a tanti, kilomita ɗari uku da wani abu. Na san za ki ce hauka ne a wannan zafi, amma hutun Fawaz yanzu kaɗai yake. Kuma Baba ne ya fara ba ni labarin layin nan, lokacin da yake goya ni a bayan kekensa zuwa kasuwar Bab Makka. Ya ce wata rana zai kai ni in ga jirgin da ya mutu a cikin yashi. Bai samu ba har iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare aka ce ya koma gida.

Sai dai a watan jiya kin ce ya shiga asibiti. Shekara uku ke nan ban gan shi ba, tun ranar da na raka shi filin jirgi. To Gwaggo, ki gaya mini gaskiyar yadda jikinsa yake. In da tsanani, wallahi in jingine keken in sayi tikiti in taho. In babu, in yi tafiyata, baɗi in zo masa da hotuna. Abin da kika ce shi zan yi.

Ki karanta masa wannan da ƙarfi, ta kunnensa na hagu.

Ɗanki,
Mus'ab

*

Birni, Damagaram
9 ga Yuni

Musa'abu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in yi dariya. Shekara talatin na yi ina koyar da yaƙi da jahilci, ban taɓa ganin wanda ke rubuta ƙ kamar ƙugiyar mahauta ba sai kai. Amma ka yi ƙoƙari. Mu lafiya lau. Ruwa bai sauka ba tukuna, kowa idonsa na gabas.

Keke! Namiji ɗan shekara talatin da ɗaya, ba mata ba ɗa, ya tara hutun shekara guda zai je ya ƙona shi a kan sirdin keke, yana bin hanyar jirgin da babu jirgi. Nan garin in ka ga babban mutum na tuƙa keke da tsakar rana, to ko dai babu ce ta kore shi daga gida, ko kuma kan ne ya taɓu. Na gaya wa maƙwabciyata ɗan ƙanena zai ratsa hamada a keke don jin daɗi, ta ce ashe a ƙasa mai tsarki ma akwai masu iska.

Ka tambayi jikin babanka. Jikin da sauƙi, mun gode Allah. An sallamo shi daga asibiti ranar Talata. Likita ya ce ba sai an ƙara wahalar da shi da allurai ba, mu koma gida a ci gaba da addu'a. Mutane na ta shigowa dubiya. Har abokan yarintarsa da ya shekara arba'in bai nema ba ya sa an nemo masa, liman ma ya zo sun daɗe su biyu. Yana ambatonka.

In da hali ka leƙo. In babu hali, ba komai.

Gwaggonka,
Rahamatu

*

Safa, Jidda
11 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Alhamdu lillah, Alhamdu lillah! A sito nake lokacin da takardarki ta shigo. Da na ga "da sauƙi" na ga "an sallamo shi", wallahi nan tsakanin kwalaye na yi sujada, ma'aikata suna kallona. Mako biyu na yi abinci ba ya shiga, yau na ci shinkafa faranti biyu.

Tunda har allura ma an daina, ga abokai suna zuwa hira, ai Baba ya samu abin da yake so. Ki ce masa kada ya cika musu kunne da labarin tashar jiragen ruwa, ya bar su ma su yi magana.

Tunda kin ce ba komai, zan yi tafiyar. Ranar ashirin za mu ɗora kekunan a mota zuwa Madina, washegari mu fara. Mish'al, ƙanen Fawaz, zai riƙa tarar mu da ruwa a mota duk bayan kwana biyu. Waya ba ta kamawa a mafi yawan hanyar, in kin ji ni shiru kamar kwana takwas kada ki damu.

Ki gaya wa maƙwabciyarki akwai masu iska a nan, kuma ni ne shugabansu.

Mus'ab

*

Tsohuwar tashar Buwair
23 ga Yuni

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ban ga amsarki ba kafin mu taso, na ce ƙila aikin masu dubiya ne ya yi miki yawa. Wannan ta Baba ce, a ɗan littafi nake rubuta ta har in samu inda waya za ta kama.

Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki? Ni lafiya lau, sai dai leɓena ya tsage, rigata kuma ta yi farin gishiri har tana iya tsayuwa da kanta.

Ba ka gaya mini babu ƙarfe a layin ba. An kwashe shi tun tuni, abin da ya rage tudu ne na tsakuwa da ya miƙe har inda ido ya ƙare, shi muke bi. Muna tashi da an sallame asuba, mu tuƙa har ƙarfe goma. Daga nan rana ce ke da ƙasar. Sai mu nemi inuwar tsohuwar tasha ko mu shige ƙarƙashin kwalbati mu kwanta, ba mai magana, har la'asar ta yi sanyi. Ruwan gora yana zama kamar shayi. Fawaz ya koya mini in sa gorar cikin jiƙaƙƙiyar safa in rataye a keke, iska ta ɗan huce ta. Jiya sau huɗu ƙaya ta huda mini taya. Na yi faci yadda ka koya mini, da yawu nake nemo hujin, Fawaz yana cewa wannan ƙazantar a ina na koyo ta.

Kuma Baba, na gan shi. Yana nan a gaban tasha, kan jirgin da taragunsa, ya yi ja da tsatsa, yashi ya cinye ƙafafunsa. Ya fi yadda ka faɗa girma. Na manta rana ta gasa shi na ɗora tafin hannu a jikinsa, yanzu ga bororo a hannuna, da ƙyar nake riƙe biro. Na tsaya a gabansa na ce, Baba ga shi. Na yi kuka kaɗan, na ce wa Fawaz yashi ne.

25 ga Yuni

Yau da hantsi muka gamu da wani tsoho mai kiwon raƙuma. Na yi masa Larabci, ya dubi fuskata ya amsa mini da Hausa, ashe Bahaushen Sudan ne. Ya ba mu nono a kwano. Ya tambayi iyayena, na ce Umma ta rasu shekara biyar, Baba kuma yana Damagaram, bai ji daɗi ba amma an sallamo shi, likita ya ce a ci gaba da addu'a. Sai ya ajiye kwanon ya ce, "Kai kuma kana nan?" Na ce ina nan, hutu nake yi. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, Allah ya sa ku gana." Na ce amin. Mutanen daji ba su da fara'a, amma nononsa da daɗi.

Da azahar barci mai nauyi ya ɗauke ni a inuwar wata gada. Ban taɓa barci mai daɗi irinsa ba.

27 ga Yuni

Yau ce rana mafi wuya. Mish'al ya ɓata hanya bai iso ba sai bayan la'asar, ruwanmu ya ƙare tun sha ɗaya. Hancin Fawaz ya fashe da jini, ya fara magana ba kan gado. Na zaunar da shi, na yi masa fifita da kwali, ina tuna yadda kake tuƙa ni daga gida zuwa Bab Makka a irin wannan rana ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ula, 29 ga Yuni

Mun iso! Kwana tara maimakon takwas, na rame, na yi baƙi har ka ce ba ɗanka ba ne. Muna gidan mai, waya ta kama. Na ga Gwaggo ta turo takarda. Bari in fara tura wannan kafin waya ta sake yankewa, sannan in karanta.

Ɗanku,
Mus'ab

*

Birni, Damagaram
26 ga Yuni

Musa'abu,

Assalamu alaikum. Mu lafiya, sai haƙuri.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa babanka Isha'aku rasuwa jiya bayan azahar. An yi masa sutura bayan la'asar. Jama'a ta taru daidai gwargwado, ga mutumin da ya bar gari yana saurayi ya dawo da sanda.

Liman ya aiko a tambaye ni ko akwai ɗa da za a jira. Na ce akwai guda ɗaya, amma yana yawon buɗe ido a kan keke, kada a ɓata wa gawa lokaci. 'Ya'yan maƙwabta ne suka ɗauke shi, su suka sa shi a kabari. Masu gaisuwa na tambayata yaushe za ka iso, ina ce musu sai jirgin Turkawa ya tashi.

Ka ƙarasa tafiyarka a hankali, ka sha ruwa da yawa. Yanzu ba abin da ke jiranka.

Rahamatu

*

Safa, Jidda
6 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Na gaishe ki don Baba ya koya mini a fara da gaisuwa. Lafiyata ba ta da amfanin faɗa.

A gidan mai na karanta takardarki, a tsaye, da gorar ruwan sanyi a hannu. Na duba kwanan wata na duba littafina. Lokacin da ran Baba ke fita ina barci a ƙarƙashin gada. Nan gidan man na zube, Fawaz ne ya ɗauke ni daga ƙasa. Na kira ki sau goma sha bakwai ba ki ɗaga ba.

Da muka dawo Jidda na je Bab Makka wurin Alhaji Mahamat mai yadi, abokin Baba tun suna dako tare. Ya rungume ni ya yi kuka, sannan ya ce, "Amma ɗana, me ya hana ka tafiya?" Na ce ba a gaya mini ba, an ce da sauƙi. Na fito da waya na nuna masa takardarki ta tara ga wata don ya zama shaidata. Ya sa tabarau ya karanta, ya ajiye wayar a kan yadi a hankali, ya rufe bakinsa da hannu.

Ya ce, "Mus'ab, ai wannan kira ne. Kowane layi cewa yake ka taho."

Na ce a ina? Ya ce, "Mu ba ma cewa jiki ya yi tsanani. Ko mutum na kan gargara, in an tambaya da sauƙi za a ce. In likita ya ce a koma gida a yi addu'a, magani ya ƙare ke nan. Mutumin da ya sa aka nemo abokan yarintarsa ya kira liman, gafara yake nema, sallama yake yi. Wannan 'ba komai' kuwa, ya waladi, ɗana, duk komai yana cikinta." Masu shaguna biyu suka matso suna ji. Ɗaya ya ce ko yaron goye zai gane. Na fita daga kasuwar ban san ta wace ƙofa ba.

To na yarda, ni jaki ne, ban iya harshen ubana ba. Amma Gwaggo, na rubuto miki ranar sha ɗaya. Na gaya miki na yi sujada. Na gaya miki na ci faranti biyu. Kin gani da idonki ban gane ba, kuma kwana tara suka rage kafin in tashi. Kalma ɗaya ta isa. Taho. Harafi huɗu ne, ke da kika shekara talatin kina koyar da haruffa. Da na iso ranar ashirin da ɗaya, da na samu kwana huɗu da shi.

Me na yi miki? Ban taɓa ganinki ba sai a hoto.

Ba zan ƙara damunki ba bayan wannan. Abu biyu kawai nake roƙo, don Allah ki faɗa mini da Hausar da jaki zai gane. Kin karanta masa takarduna? Kuma ya yafe mini?

Mus'ab

*

Birni, Damagaram
19 ga Yuli

Musa'abu,

Wa'alaikumus salam. Haƙuri sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, ƙafata ce dai ke ɗan taɓa ni. Ka ce in yi maka Hausar da za ka gane, to gyara zama.

Na san ba ka gane ba. Tun kafin in ajiye biro na sani.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce mahaifiyarmu ta kwanta. Wata goma sha ɗaya ina juya ta, ina wanke ta, ina ba ta koko da cokali, mijina har ya gaji ya daina tambayar yaushe zan dawo ɗakina. Da likita ya sallamo ta na rubuta wa babanka takarda, alhazai suka kai masa. Abin da na rubuta maka shi na rubuta masa, ko kalma ban sauya ba. Shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya, ya gane kowane harafi. Ya aiko da turmi biyu na atamfa da jarkar zamzam, ya ce a yi masa uzuri, matarsa na da tsohon ciki ba zai iya barinta ba. Cikin nan kai ne. Tsohuwa ta tafi tana kiran sunansa, ni da ke riƙe da kanta ko sau ɗaya ba ta kira nawa ba. Da ƙasar Larabawa ta gama tsotse shi ta tofar, wa aka kawo wa? Ni. Na sake ɗaukar cokali.

Takardarka ta farko na karanta masa, ta kunnen hagu yadda ka ce, sai dai na tsallake zancen keke. Ya kama hannuna ya ce, "Yaya, yaron nan ba zai gane irin maganarmu ba. Ki rubuta masa ƙarara, ki ce ya taho." Har kalmar "taho" ta Larabci ya maimaita mini sau uku, wai in rubuta ta da bokonmu. Na ce to. Shi ya haife ka a can, shi ya ga bai kamata ya koya maka yadda mutane ke magana ba, ni ba zan yi wa ɗan Bahaushe tafinta a gidan kakansa ba. Ta biyun ban karanta masa ba. Ta ukun ta iso bayan an share makoki, na karanta ni kaɗai. Ka iya ba da labari, wannan ka gado.

Kullum sai ya tambaye ni yaushe za ka zo. Na ce hutunka sai ashirin ga wata. Likita bai ba shi mako guda ba, amma ya riƙe ransa da haƙora yana ƙirga kwanaki a yatsu. Ranar ashirin da ɗaya ya ce, "Ya taso?" Na ce ya taso, yana hanya. Ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski, ya sa na fito masa da farar jallabiyarsa, ya ce a juya gadon ya fuskanci ƙofa. Ya hana a saki labule. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje, shi da ba ya ji, sai ya ga na waiga ya yunƙura zai tashi. Kwana biyar muka yi a haka. Tun ranar da aka fitar da shi ban iya shiga ɗakin ba, a tsakar gida nake salla.

Maganarsa ta ƙarshe ba kalmar shahada ba ce, ita liman ya laƙƙana masa yana motsa baki. Ta ƙarshen da na ji da kunnena ita ce, "Har yanzu?" Na sunkuya na ce kana hanya. Ban yi masa ƙarya ba ko sau ɗaya.

Ka tambaya ko ya yafe maka. Maganar ba ta taso ba, Musa'abu. Ya tafi yana tsammanin wurinsa kake zuwa.

Gwaggonka,
Rahamatu